Jirgin da Ba Ya Juyawa

Aikin asibiti aka ce mini zan yi a Madina. Haka ejan ɗin ya faɗa a Kano, har da rantsuwa, ya nuna mini hoton wani dogon gini mai gilasai ya ce can ne. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce da ta gaji da jiran albashi a Funtuwa, mijina ya rasu, ga 'ya'ya biyu ga uwa, sai na ce to. Da na sauka aka karɓe fasfona, aka sa ni a mota, ba mu tsaya ko'ina ba sai wani tsohon gida a unguwar Harra ta Gabas, cikin lungun da mota ba ta shiga sai an naɗe madubinta. Aka hau da ni bene, aka nuna mini wata tsohuwa a kan gado, aka ce ga aikin. Na yi kuka har na gode Allah. Ginin gilasan nan daga baya na gan shi a hanyar Uhudu, ashe otal ne.

Tsohuwar ce ta fara yi mini magana. Ina durƙushe a bakin ƙofa ina sharɓar hawaye, sai na ji an ce da Hausa, irin ta mutanen da, "'Yar nan, kukan ya isa haka. Akwai tuwo a madafa, ki ci ki zo ki matsa mini ƙafa." Sunanta Hajiya Gambo. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka baro ƙasar Kano da ita a kan jaki, ta yi 'yanmatanci a Sudan, can aka yi mata aure, ita da mijinta suka ƙetaro teku suka zauna a Madina. Ciwon zuciya ke damunta, ƙafafunta kullum a kumbure. Aikina in ba ta magani, in yi mata wanka, in duba bugun jininta, in kuma saurari labarin garuruwan da ta ratsa. Fita ba na yi sai Juma'a in an kai mu Harami. Abin da na sani na Madina shi ne abin da taga ke nuna mini: rufin maƙwabta, tankunan ruwa, da shagon wani tela ɗan Chadi. Ba aikin da na zo nema ba ne, amma na saba da ita. In aka kawo mini kaset daga gida tare muke sauraron muryar 'ya'yana, ita ce ma ke cewa a maimaita.

Buri ɗaya ya rage wa Hajiya a duniya, kowa a lungun ya san shi: ta mutu a Madina, a binne ta a maƙabartar Baƙi'a inda mijinta yake. Tun rasuwarsa ba ta ƙara kwana a wajen gari ba. Bikin jikokinta a Jidda ba ta je ba, ko umara aka ce za a kai ta sai ta ce ta yi mai isarta. Takan ce mini ta sha wuyar hanya kafin ta iso nan, ba za ta yi sake ajali ya riske ta a wani wuri ba.

Ɗanta namiji ɗaya ne, shi ne kuma na fari, Usman, wanda kowa ke kira Muhandis saboda injiniya ne. Shi ne kafilina, wato da sunansa na shigo ƙasar, fasfona yana cikin jakarsa. A Madina aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Hajiya kuwa ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa. In ya shigo gaishe ta sai ta ja mayafi ta juya wajen bango ta ce, "Habiba, ki ce wa mai gidan nan an gode." Ni ban ga abin mamaki ba, don har gobe tawa uwar ba ta kama sunan yayanmu. Kunyar ɗan fari ce, da ita muka tashi. Amma shi a cikin Larabawa ya girma, inda uwa ke rungume ƙaton ɗanta mai furfura a tsakiyar titi tana sumbatar goshinsa. Na sha yi masa bayani, ya ce ya sani, ya sani. Sanin baki ne. Mutum ya doshi hamsin, amma kullum yana tafe da turare ko yadi ko kayan marmari, ya ajiye ya tsaya yana jiran kalma ɗaya, in ya gaji ya fita. Matarsa Nawal, Balarabiyar Hijaz, cewa take yi zuciyar tsohuwar irin dutsen Harra ce.

Na yi 'yan shekaru a gidan kafin ciwon ya tsananta. Muhandis ya samo wani babban likitan zuciya a Landan. Hajiya ta ce in gaya masa ba inda za ta. Na gaya masa. Ya shiga da kansa ya durƙusa a gaban gado ya ce, ya ummi, 'yan kwanaki ne kawai, in ba kya so ki faɗa mini da bakinki. Ta ja mayafi ta yi shiru. Ya fito yana murna wai ta yarda. Na ce masa, Muhandis, wannan shirun ba na yarda ba ne. Ya ce in je in haɗa kaya. Ranar tafiya aka zo da keken marasa lafiya aka ɗauke ta. Ba za ta yi ja-in-ja da ɗan fari a gaban mutane ba, sai hawaye kawai da na gani yana bin gefen hancinta har muka fita daga gari.

Landan ban ga komai nata ba sai ɗakin jira da ɗakin otal. Da yake ina jin Turanci, ina ciki lokacin da likitan ya yi bayani. Ya ce zuciyar ta gaji, ba za ta ɗauki aiki ba, ba kuma wani magani da ya wuce wanda take sha. Lokacin da ya rage ba shi da yawa, a bar ta ta huta, a yi mata abin da take so. Ni abin da na ji shi ne a koma gida. Muhandis wani abu daban ya ji. Muna fitowa ya ja mini kunne kada in kuskura in gaya mata, sannan ya faɗa mini shirinsa. A ƙasar ya yi karatu yana saurayi, kuma wani hutu shi da abokansa sun taɓa hayar jirgin ruwa suka bi ta cikin ƙauyuka. Ya ce bai taɓa samun kwanciyar rai irin ta lokacin ba. Uwarsa ta ƙare rayuwarta tsakanin rairayi da baƙin dutse, ba ta san kore ba, zai nuna mata kafin a koma. Yana maganar idonsa na kawo ruwa.

Da aka ce jirgin ruwa na zaci wani abu ne mai bene. Abin da muka tarar dogo ne kamar tirela, an yi masa fenti kore da ja har da zanen furanni, amma faɗinsa in na miƙa hannuwana sai in taɓa bango da bango. Ruwan ma ba kogi ba ne. Hanya ce da mutanen da suka haƙa don jigilar kwal da kaya, da aka daina sai 'yan hutu suka gaje ta. A ciki komai a jere yake: wurin zama, madafa, banɗaki, gadaje, sai ƙofar baya inda matuƙi ke tsayawa da sandar tuƙi. Hanyar wucewa ɗaya ce, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya shige banɗaki. Mu huɗu ne, Muhandis da Nawal da Hajiya da ni. Aka kwantar da Hajiya a gadon da ke kusa da ƙofar baya saboda tagarsa ta fi girma, don haka duk shigar da ɗanta zai yi da duk fita sai rigarsa ta goge ta. Matar da ta ƙare rayuwarta tana kauce masa, ga ta an ajiye a kan hanyarsa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, haka ta wuni.

Tafiyar kuwa ta hawainiya ce. Masu yawo da karnuka a gefen ruwa sukan zo su wuce mu, su ɗaga mana hannu. Sannan ga ƙofofin. Ƙasar tudu da kwari ce, shi ya sa aka gina wa ruwan wasu ɗakuna masu ƙofar katako gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a cika ɗakin da ruwa ya ɗaga sama, ko a zubar ya sauka ƙasa, sannan a buɗe ɗaya ƙofar ya fita. Ba ma'aikaci, masu jirgi ke yi da kansu. Muhandis yana kan tuƙi, sai aka miƙa mana ni da Nawal wani ƙarfe mai kama da hannun injin taliya, mu murɗa, mu jingina baya da gungumen ƙofa mu tura. Ba a je ko'ina ba farcen Nawal ya karye, ta ce halas, wato ta gama, ta koma ciki. Na zama ni kaɗai, cikin abaya, ruwan sama na bi ta wuyana, Turawa na tsayawa suna kallo cikin ladabi. Na ce Habiba, kin karanta jinya kin ƙare a turin ƙofa, Allah ya isa tsakanina da ejan ɗin nan.

Tankin ruwan da aka ce zai daɗe bai kwana biyu ba ya ƙafe, don wanda ya auna shi bai san mutane huɗu masu alwala ba. Naman da za mu ci babu a ƙauyukan, sai ƙwai da burodi da dankali. Hajiya ta nemi koko, na dama mata garin hatsin Turawa, ta kurɓa ta ce Allah ya amfana, ta ture. Rana ba ta faɗuwa da wuri, muka rasa gane la'asar da magariba. In za ta yi salla a zaune sai ta tambaye ni alƙibla, in nuna mata, kafin ta sallame ruwa ya lanƙwasa jirgi ya karkata. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau: ciyawa har bakin ruwa, tumaki manya-manya ba mai kiwo, agwagi na biye da 'ya'yansu. Amma kyan haushi ya riƙa ba ni. Koren na tuna mini daminar Funtuwa, masara ta yi kai, 'ya'yana na girma ba ni, ni kuma ina nan a cikin kwali da matar da ke mutuwa a inda ba ta so.

Ita kuwa ta sani. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa, in na danna yatsa gurbin ba ya komawa, sai ta ce a hankali:

"Ba sai kin ɓoye ba, 'yar nan. Ba na jin Turanci, amma na ga idon likitan. Ki ce wa mai gidan nan ya mayar da ni."

Na fita na same shi a kan tuƙi na isar da saƙo. Ya ce ni ce na gaji da turin ƙofa nake fakewa da ita, ai ɗazu ya hango ta ta ɗaga mayafi tana kallon agwagi.

"Ga ni ga ta, Sista," ya ce. "In tana son abu ta faɗa mini. Sau ɗaya a rayuwarta ta faɗa mini."

Washegari na sake tayar da maganar. Bai yi tsawa ba, ya dai tuna mini cewa hutun da nake jira in je in ga 'ya'yana ba ya yiwuwa sai da sa hannunsa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Gaba damisa baya siyaki: in na matsa in rasa ganin nawa, in na yi shiru tsohuwa ta mutu a hannuna a ƙasar da ko masallaci ban gani ba. Na je wa Nawal tana dafa shayi. Ta ce ita ma jirgin ya ishe ta, amma tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya kwana kusa da uwarsa haka ba, a bar masa makon nan.

Sai na koma kan Hajiya. Na ce ta daure ta yi masa magana da kanta, kalma biyu ce. Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa.

"Har da ke? Ke da kika fito daga gida?"

Ta nemi numfashi, sannan ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ranar da ta haife shi, tsofaffin unguwa 'yan ƙasarmu suka ce kada a ga ta ɗauke shi a gaban mutane, kada a ji sunansa a bakinta. A baƙuwar ƙasa suke, in suka saki wannan me ya rage musu na gida? Ta riƙe. In ya faɗi yana yaro sai ta jira wata ta ɗaga shi. In ba kowa sai ta ɗauki rigarsa ta shinshina. Ta ce da farko ita ke riƙe da kunyar, yanzu kunyar ce ke riƙe da ita, ko ta buɗe baki sunan ba ya fitowa. Ta ce in bar ta ta huta, ta juya kai.

Jikin ya ci gaba da rikicewa. Ba ta iya kwanciya sai a jingine da matasai, in ta yi magana sai ta huta, ƙwayar da ke rage kumburin ta daina aiki. A wata ƙofa muka haɗu da wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, ita kaɗai a jirginta sai wani gurgun kare. Ta ga ina fama da ƙarfen, ta zo ta nuna mini yadda ake ɗora nauyin jiki a kansa a huta da ƙarfin damtse. Ta leƙa tagarmu ta ga Hajiya, ta dube ni ta ce mijinta ma haka ya riƙa numfashi a ƙarshe. Ban san lokacin da na zayyana mata komai ba, a tsaye a bakin ruwa, ina kuka ina murɗa ƙarfe. Na tambaye ta, in maigidan ya yarda yau, yaya za mu koma? Ta ce tsawon jirgin ya fi faɗin ruwan, ba ya juyawa sai a wasu wurare da aka faɗaɗa musamman, kuma na ƙarshe jiya muka wuce shi. Na gaba yana bayan wani jerin ƙofofi masu gangara. Ko an so ko an ƙi, gaba za a yi. Ta ɗaure jirginta, ta kawo mana miyar kayan lambu a kwano, ta ce za ta raka mu a ƙafa ta riƙa buɗe mana ƙofa, ni in zauna da marar lafiya.

Shi ya sa ina ciki, a gefen gadon, lokacin da muka shiga mafi zurfin ƙofofin. Aka rufe ta baya, aka saki ruwa, jirgi ya fara sauka. Ta tagar Hajiya ciyawa ta ɓace, ƙafafun Baturiya suka ɓace, sai baƙin bangon bulo mai gansakuka yana hawa yana tsiyayar ruwa, ta nan bango ta can bango, haske na raguwa, sanyi na shigowa da warin laka. Hajiya ba ta taɓa kallon saukar ba, don kullum fuskarta a rufe take. Ranar a buɗe take saboda numfashi. Ta damƙi hannuna.

"Habiba, wannan ai kabari ne."

Na ce a'a, ƙofa ce, yanzu za a buɗe. Ba ta saurare ni ba. Ta ture mayafin gaba ɗaya, ta juya kanta wajen ƙofar baya.

"Usmanu."

Ƙarar inji ta cinye muryar. Ta tara numfashi ta sake.

"Usmanu!"

Na ji sandar tuƙi ta bugi ƙarfe, jirgin ya gogi bango. Ya sauko a sunkuye ya tsaya yana dubanmu, bai yarda da kunnensa ba. Ta kalle shi a tsakiyar ido.

"Ka kai ni gida. Kada ka bari in mutu a kan ruwan mutane."

Ya zube a 'yar hanyar nan, ya kifa kansa a kan ƙafafunta masu kumburi yana kuka irin na yara. Ta ɗora hannu a kansa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji na ga abin da bai kamata in gani ba, ga shi ba wurin fita, Nawal ta tare gaba shi ya tare baya. Na juya na fuskanci bango.

Yanzu shi ke gaggawa, ruwa kuwa bai san gaggawa ba. Muna ƙasan ramin sai da ya gama zuba kafin ƙofa ta buɗu, da ta buɗu kuma gaba muka yi, muna ƙara nisa da inda muka fito. Ya buɗe wa inji wuta har igiyar ruwa na dukan jiragen da ke ɗaure, masu su na leƙowa suna faɗa, amma duk da haka mai tafiya a ƙafa zai iya jerawa da mu. Ga sauran ƙofofi a gaba. Baturiya ta riƙa sassarfa tana shirya ta gaba kafin mu iso, karenta na ɗingishi a baya, tana gaya wa masu jiran layi akwai marar lafiya. Suka ja gefe, wasu ma suka kama turi. Nawal da kanta ta fito ta ɗauki ƙarfen. Baturiya ta ce wa Muhandis ya manta da wurin juyawa, a ƙasan gangaren akwai gada da titi da gidan abinci mai tarho, ya bar mata jirgin ita za ta sanar da masu shi. Ko sunanta ba mu tsaya tambaya ba, amma har yau in na tuna ta sai na yi mata fatan alheri. Matakalar gadar ba ta ɗaukar keke. Shi ya goya uwarsa ya hau da ita, ba ta ce a'a ba.

Daga nan aka kira mota ta kai mu filin jirgin sama. A can tsorona kada su ga halin da take ciki su hana mu hawa. Na wanke mata fuska, na sa mata kwalli, na gyara zamanta a keke da matashi a baya. Da wata ma'aikaciyar jirgi ta sunkuyo tana tambayar lafiyarta, Hajiya ta ɗaga kai ta yi mata wani murmushi da ban san inda ta ajiye shi ba. A sama hankalinta ya riƙa zuwa yana tafiya. Muka sauka Jidda da hantsi, aka ce jirgin Madina ya cika da masu ziyara, sai gobe. Muhandis ya dubi fuskarta ya ce, ya ummi, ko a fara kai ki asibiti a nan, kwana ɗaya tak? Ba ta ce komai ba, ta lumshe ido ta kau da kai. Wannan karon ya ji shirun. Ya fita ya samo mota.

Ban taɓa jin hanya ta yi mini tsawo irin ta ranar ba. Muhandis yana gaba kusa da direba, ni da Nawal muka sa Hajiya a tsakiya, kanta a kafaɗata. Yatsuna suna kan wuyan hannunta tun daga Jidda. Bugun siriri ne, ya yi sauri, ya tsaya, ya dawo. Muhandis ba ya iya waiwayowa, sai dai jim kaɗan ya ce, "Sista?" in ce tana nan. Nawal na karatu ƙasa-ƙasa. A waje zafi ne da baƙaƙen duwatsu da raƙuma tsilla-tsilla. Ban taɓa murnar ganin ƙasa marar ciyawa ba sai ranar.

Da la'asar sakaliya muka iso Bi'ir Ali, masallacin da masu fita umara ke ɗaura harami. Manyan motoci sun cika wurin, maza cikin farare suna hawa suna sauka, dole direba ya rage gudu. Daga nan kaɗan ya rage a shiga iyakar Haramin Madina, akwai alamarta a bakin titi. Na sunkuya na ce a kunnenta, "Hajiya, ga Bi'ir Ali. Mun zo." Leɓenta ya motsa, na ji kamar kalmar shahada. Bugun ya yi wata doguwar tsayawa, ya dawo da ƙyar. Na san irinsa, na sha jinsa a asibiti can gida. Na dubi titi, motoci a cunkushe, alamar ko bayyana ba ta yi ba. Sai na zare yatsuna daga hannunta, na haɗe hannuwana a cinya, na kafa ido a kan hanya. Muhandis bai ƙara cewa Sista ba, ni ma ban ce komai ba. Muka wuce alamar, muka shiga gari, hasumiyoyin Harami suka bayyana. A ƙofar asibiti likita ya duba ya ce ta cika.

Aka yi mata salla a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mata ba sa shiga Baƙi'a, daga bayan shinge na tsaya ina kallon kafaɗun maza har suka ɓace da ita.

Bayan an watse daga zaman makoki Muhandis ya same ni a ɗakinta ina naɗe kayanta. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sista, ke kike riƙe da hannunta. A ina ne?"

Na ce, "A Bi'ir Ali da ranta, na ji da yatsana. Daga nan na saki hannun, ban sake taɓawa ba."

Bai tambaye ni dalili ba.

"To a Madina ne," ya ce.

"A Madina ne, Muhandis."

Ya gyaɗa kai ya sauka ƙasa. Na ci gaba da naɗe kayan.